Ranar da Fo Agbeko Ya Riƙe Sandar Gida

Yayana Fo Agbeko ya taɓa zuwa Tema ta ƙasar Ghana yana saurayi, ya yi dakon siminti a tashar jiragen ruwa har ciwon baya ya koro shi gida. Tun daga lokacin babu wanda ya huta a unguwarmu ta Kodjoviakope da ke Togo, daf da iyakar Ghana. In ka gaishe shi da yarenmu na Ewe sai ya gyaɗa maka kai kawai, wai harshensa ya riga ya lanƙwashe da Turanci. Ni ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma wallahi ban taɓa jin Turancin nan ya wuce tsayar da mai babur ba.

Da abin ya tsaya nan da ban damu ba. Kowane gida da nasa. Matsalar ita ce auren Sefako.

Sefako 'yar ƙanenmu ce marigayi, a hannuna ta tashi. Ta haura talatin tana kitso a bakin kasuwa, tana jiran Delali, wani mai gyaran injin kwale-kwale daga garin Keta na Ghana. Jira ta yi na gaske, har ƙawayenta suka daina tambaya. Uwar Delali kuwa ba ta so, tana da wata da ta zaɓa masa a garinsu, da ƙyar aka ja ta ta yarda za su zo neman aure. Duk mun san dalili kaɗan take nema ta juya.

A gidanmu ranar neman aure Togbe, tsohon gida, ba ya magana da baƙi. Zama kawai yake yi. Wanda ya riƙe sandar gida shi ne bakin kowa, abin da ya faɗa gida ne ya faɗa, kuma ba a katse shi ko da shirme yake zubawa. Da farko sai a ƙi, a ce yarinya ba ta isa ba. Baƙi su roƙa, sannan a yarda, kwalaben barasar da suka kawo su shiga ɗakin Togbe. In kuwa kwalaben nan suka fita ta ƙofar gida a hannun masu su, magana ta mutu ke nan, babu mutanen kirkin da za su sake dawowa. Wanda ya saba riƙe mana sanda ya rasu bara, layi ya biyo kan Fo Agbeko.

“Da Turanci zan yi,” in ji shi ranar da Togbe ya miƙa masa.

Na ce, “Fo, mutanen Keta ne fa. Ewensu ya fi namu kyau.”

“Mutanen Ghana ne. Ke Ablewa kifi kika sani, ki tsaya wajen kifinki.”

“To mu da ba ma ji fa?”

“Za ku ji a jikinku.”

Washegari ya sa rigarsa ta coci ya tsallaka iyaka zuwa garin Aflao wajen Ticha Kpodo, tsohon malamin makaranta da ke zama a gindin mangwaro yana karanta jaridun bara. Na bi shi, don ban yarda da shi ba ko kaɗan.

“Ticha, ba koyo na zo ba,” ya fara tun kafin ya zauna. “Turancin yana nan, a cike nake da shi. Kalma ɗaya nake nema, mai nauyi, wadda in na ƙi bayar da yarinya zan hau kanta in juyo in bayar.”

Ticha ya ce akwai wata 'yar gajera, ya faɗe ta.

“Wannan ai ko kaza tana faɗa. Ba ni babba.”

Ticha ya cire tabarau ya goge. “To ga *nevertheless*.”

Fo Agbeko ya gyara zama. Na ga idonsa ya yi irin na wanda ya hango tukunyar nama.

“Ma'anarta *duk da haka*,” in ji Ticha. “Ka faɗi magana, ka sa ta, to abin da zai biyo baya dole ya saɓa wa na farko. Misali: teku ta yi fushi yau, *nevertheless* za mu fita kamun kifi. Ka gane? Juya kwale-kwale take yi.”

“Na san ta,” in ji Fo. “A Tema da ita muke karyawa. Gwada ka nake yi.”

Ya maimaita ta har muka iso gida, yana taka ƙasa a kan kowace gaɓa. Abin haushi, ya iya ta. Yadda Ticha ya faɗa haka yake faɗa, ma'anar ma ta zauna masa daram. Da jahilci ne da an yi maganinsa.

Matarsa, wadda muke kira Da Akuvi, ita ta fara shan wahala. Da rana ta ajiye masa tuwon masara da miyar kuɓewa da kaguwa, ya ɗanɗana ya ce, “Miyar nan ta yi daɗi.” Sai ya ɗaga yatsa. “*Nevertheless*...”

Ya tsaya. Ya dubi kwano, ya dubi yatsan. Kalma ta riga ta fita, kuma shi mutum ne mai bin doka.

“Ba zan ci ba.”

Da Akuvi ta ɗauke kwanon ta cinye a gabansa, har da tsotse ƙafar kaguwa.

Kwana bai zagayo ba muka je gaisuwar mutuwa gidan wani tsohon direba. Fo ya riƙe hannun matar mamacin ya ce mijinta mutumin kirki ne, mai haƙuri, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Na ga yatsan yana tashi. Na taka masa ƙafa, na makara. Abin da ya biyo bayan kalmar ya shafi wata mai sayar da lemo a tashar mota, wadda rabin masu makokin suka san da zamanta, matar gida kuwa sai ranar ta ji. Ta bayan gida muka fita, ni takalmina ɗaya a hannu. Masu babur ma suka daina tsaya masa, don sai ya hau ya faɗi inda za shi, sannan ya saki kalmar ya ce a sauke shi.

Na je wajen Togbe na ce a karɓe sandar nan tun da sauran mutunci.

“Sanda ba ta komawa baya, Ablewa,” in ji shi. “Ki yi addu'a.”

Ran Asabar mutanen Keta suka iso da hantsi, cikin zannuwa masu kyau, mata biyu ɗauke da tiren kwalabe a ka. Uwar Delali ta zauna a gaba ta sha kunu. Delali na bayanta yana share gumi. Mai magana da yawunsu wani dogo ne, Fo Gameli, mutum marar fara'a kuma marar mugunta. Makaɗa suna gefe da ganguna, maƙwabcinmu na bayan ɗaki da akuya da wuƙa yana jiran a ce an bayar. Sefako na cikin ɗakina, an hana ta fitowa kamar yadda aka saba, amma tagar a buɗe take.

Fo Gameli ya miƙe ya yi gaisuwa da Ewe mai daɗi, ya ce sun ga wata fure a gidan nan, sun zo roƙo.

Fo Agbeko ya buga sanda a ƙasa ya buɗe baki. Abin da ya fito na ji sunan siminti a ciki, na ji sunan Tema, sauran ban san ko na wace ƙasa ba ne. Ya daɗe yana yi. Da ya gama, sai ga namu na kallon baƙi, baƙi na kallon namu.

Fo Gameli ya yi gyaran murya. “Ko in fassara wa mutanen gida abin da gidansu ya ce?”

Togbe ya gyaɗa kai. Haka aka yi, baƙo ya koma tafintanmu a cikin gidanmu.

“In na fahimta, ya ce yarinya ba ta isa ba.”

Daidai ne, haka ake farawa. Baƙi suka roƙa yadda ya kamata. Fo Agbeko ya bar su suka gama, ya ja numfashi, ya ɗaga sanda sama.

“*Nevertheless*,” ya ce, kowace gaɓa da taku. Ya nuna ɗakin Togbe.

“Ya ce duk da haka kun bayar,” in ji Fo Gameli.

Gaskiya ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Mazan Keta suka tafa, wani tsoho a cikinsu har ya ce rabonsa da jin kalmar nan tun yana makaranta. Ganguna suka tashi. Masu tire suka nufi ɗakin Togbe. Ni kaina na ji ƙwalla ta zo min, na ce Allah na gode, yau Sefako ta huta.

Tafin ne ya kashe mu. Na ga Fo yana juya kai yana bin masu tafi da ido ɗaya bayan ɗaya, kamar yaron da aka ba sukari karon farko. Da tafin ya fara raguwa sai yatsan ya motsa.

“*Nevertheless*.”

Ganguna suka mutu. Masu tire suka tsaya, ƙafa ɗaya a kan dakali. Fo ya tsaya shi ma, na ga yana lissafin inda kwale-kwalen ya fuskanta. Sai ya yi wata magana yana auna tsayi da tafin hannu, daidai ƙirjinsa.

“Ya ce duk da haka ba ku bayar ba,” in ji Fo Gameli. “Wai yaronmu gajere ne.”

Delali ya miƙe zaune ya ƙara tsawon wuya. Uwarsa ta ce, “A gidanmu sau ɗaya ake ƙi.”

“Wataƙila a Togo sau biyu ne,” in ji tsohon nan mai son kalma. “Mu roƙa.”

Tire ya dawo tsakar gida. Suka sake roƙo, wannan karon a gajarce. Fo Agbeko ya sake sauke kalmarsa, aka ɗan tafa, ba kamar na farko ba. Ya ga tafin ya yi ƙaranci, sai ya ƙara bayani, da hannu da hanci da wani gurnani daga maƙogwaro, daga ƙarshe ya nuna ni da sanda.

Fo Gameli ya dube ni da tausayi. “Ya ce kun bayar. Ya ce dama 'yarku tana minshari, kuma ta gaji bakin gwaggonta, gara ku rabu da ita.”

Na miƙe. Da Akuvi ta ja zanena na zauna. Ba a katse mai sanda. Na haɗiye abin da ke bakina. Daga tagar ɗakina na ji an ajiye wani abu da ƙarfi.

Ganguna suka sake tashi, ba da zuciya ɗaya ba. Maƙwabcinmu da ya ji an ce an bayar karo na biyu bai tsaya jiran na uku ba, muka ji kukan akuya ya yanke. Masu tire suka ɗaga ƙafa da sauri, ɗaya har ta kai bakin ƙofar ɗakin Togbe.

“*Nevertheless*.”

“Wayyo uwata,” in ji mai tiren, a hankali. Ta juyo.

Maƙwabci ya leƙo da wuƙa a hannu. “Ni dai na yanka. Duk wanda zai mayar da ita ya zo ya mayar.”

Yanzu Fo yana gumi sosai, rigar coci ta manne masa a baya. Dalilai sun ƙare masa, ido yake rarrabawa yana neman abin da zai kama. Idon ya sauka a kan uwar Delali. Ya yi magana yana nuna ta, yana murɗa hannu kamar mai matse wanki.

Fo Gameli ya kau da kai.

“Fassara,” in ji matar.

“Mama, bar shi kawai.”

“Na ce ka fassara, Gameli.”

“Ya ce ba su bayar ba. Wai daga ganin fuskarki za ki wahalar da suruka.”

Matar ta miƙe a natse ta gyara ɗaurin zane. Babu fushi a fuskarta, murna ma na gani, irin ta wanda aka sauke wa kaya. “Ku ɗauko kwalabenmu,” ta ce.

Togbe ya yafito ni. Kunnensa ya yi nauyi, tun ɗazu kai kawai yake bin tire da shi. “Ablewa, mun bayar ko ba mu bayar ba?”

“Togbe, ya danganta da inda ya tsaya shan iska. A yanzu dai ba mu bayar ba, ga kwalabe can sun nufi ƙofa.”

Tsoro ya kama ni na gaske. Shekarun da yarinyar nan ta yi tana jira, ga su a kan tire, taku kaɗan ya rage su fita titi. Delali ya sha gaban uwarsa yana magana ƙasa-ƙasa, ta ture shi gefe da hannu ɗaya.

Togbe bai yi wa baƙi magana ba, al'ada ta hana. Mai sanda ya yi wa. “Agbeko. Faɗi abin nan naka sau ɗaya tak, sannan ka rufe bakinka.”

Fo ya dubi ƙofa, ya dubi Togbe. Sai a lokacin ya gane abin da ya aikata. Ya ruga ya tsaya a gaban masu tire ya buɗe hannuwa.

“*Nevertheless, nevertheless*.”

Kowa ya juya wajen Fo Gameli. Mutumin nan ba ya ƙarya ko don a zauna lafiya.

“Sau biyu ya faɗa,” ya ce. “Ya bayar ya karɓe.”

Ƙofar ɗakina ta buɗe. Sefako ta fito da kitsonta sabo da zanen da na saya mata, ba ta gudu ba ta kuka. Ta ratsa tsakar gida ta zare sandar daga hannun kawunta kamar mai zare muciya daga tukunya. Wata tsohuwa a cikinmu ta dafe ƙirji.

“Togbe,” in ji Sefako da ƙarfi don ya ji. “Wanda ya riƙe sandar nan shi ne bakin gida?”

Togbe ya yi tunani. “Haka muka tarar.”

“An ce sai namiji?”

Ya ƙara tunani. “Ba a taɓa tambaya ba.”

Ta juya wajen uwar Delali ta durƙusa, sanda a hannu, ta yi magana da Ewe wanda kowa ke ji. “Mama, ki yi haƙuri a dawo da kwalaben. Gidan nan ya bayar da ni. Ina minshari, gaskiya ne. Delali gajere ne, shi ma gaskiya ne. Mun ga juna a haka tun tuni, kuma ina son shi, na gaji da jira. Maganar fuskarki kuwa ba ta gida ba ce, ta kawuna ce shi kaɗai, kin ga irinsa.”

Matar ta daɗe tana kallonta. Ta dubi Fo Agbeko daga sama har ƙasa, ta sake duban yarinyar.

“A gidan nan kika girma?”

“Eh, Mama.”

“Da wannan a ciki?”

“Kullum.”

“To za ki iya zama da ni.” Ta yi wa masu tire alama da haɓa. “Ku shigar, hannuna ba ya ciki in ya sake magana.”

Masu tire ba su taka ba, gudu suka yi. Kwalabe suka shige ɗakin Togbe, ni da kaina na ja ƙofar na zauna a bakinta. Ganguna suka tashi da gaske, na yi kuka har majina, ban ji kunyar kowa ba.

Fo Agbeko ya gyara wuyan riga ya matso kusa da Sefako ya miƙa hannu. “Madalla, 'yata. Dama haka na tsara. Kawo sandar in rufe taro da kalma ɗaya.”

Sefako ta dube shi. Ta ja baya, ta wulwula sandar, ta cilla ta ta saman katangar baya. Bayan katangarmu wayar iyaka ce, bayan waya kuwa Ghana. Muka ji ta faɗi can.

Togbe ya bi ta da ido har ta ɓace. “Sandar kakanninmu ta tafi ƙasar waje,” ya ce. “Agbeko, kai ne mai Turanci. Je ka karɓo.”

Babu yadda zai yi. Ya fita ya zagaya, mu kuma muka hau benci muna leƙe ta saman katanga, namu da na Keta, har da makaɗa. Wani jami'in tsaro na tsallaken waya ya riga ya tsinci sandar yana jujjuya ta. Ya ga Fo, ya yi masa wata doguwar tambaya da Turanci.

Fo ya waiwayo ya ga kawunanmu a jere. Ya matsa jikin waya ya rage murya, amma iska daga teku take, ta kawo mana komai. Da Ewe yake roƙo, Ewe tsantsa irin na uwarmu.

Jami'in ya girgiza kai. Ashe ɗan arewacin Ghana ne, bai jin ko gaisuwa da Ewe. Ya sake tambayarsa da Turanci, a hankali, kamar mai magana da ƙaramin yaro.

Fo Agbeko ya tsaya, rana na dukan ƙeyarsa. Can ya juyo gaba ɗaya ya fuskanci katanga.

“Delali,” ya kira. “Surukina. Zo ka ji abin da mutumin nan ke cewa.”

Delali ya yunƙura zai sauka daga benci. Sefako ta riƙe masa hannu.

“Nama ya nuna,” ta ce. “Ka ci tukuna.”

Muka sauka muka ci akuyar nan har ƙashi, shi yana can jikin waya.